Rajista Ta Intanet: Inda Matasa Ke Faɗuwa Tsakanin Waya Da Gurbin Karatu Ko Aiki

Kimanin shekara ashirin da suka wuce, mai neman aikin gwamnati a Najeriya sai ya rubuta takarda da hannu, ya manna hoto, ya haɗa kwafin sakamakonsa, sannan ya nemi wanda zai shigar masa da ita ofis a Kaduna ko Abuja. Yanzu kusan duk ƙofofin da matashi ke bi sun koma intanet: jarrabawar JAMB, duba sakamakon WAEC da NECO, bashin karatu na NELFUND, rajistar bautar ƙasa, ɗaukar 'yan sanda da kwastam da soja, da shirye-shiryen horo irin su 3MTT. Alherin da ke cikin wannan ba kaɗan ba ne. Yarinyar da ke Gumel ko Yawuri tana iya shigar da sunanta rana ɗaya da ɗan babban sakatare, ba kuɗin mota, ba kamun ƙafa.

Sai dai an rasa wani abu a hanya. A da, ma'aikaci zai dubi takardu biyu, ɗaya an rubuta Muhammad, ɗaya Mohammed, ya gane mutum ɗaya ne. Na'ura ba ta san wannan uzurin ba. Matasa da yawa da ke rasa gurbi a yau sun ci jarrabawa, sun cika sharaɗi, bayanansu ne kawai suka ƙi haɗuwa da juna. Don haka ya dace a fahimci yadda tsarin ke aiki ta ciki.

Shafin da kake gani a wayarka fuska ce kawai. Idan ka shigar da lambar NIN ka danna, shafin yakan aika tambaya zuwa rumbun bayanan hukumar NIMC mai ba da lambar, ya karɓo suna da ranar haihuwa da hoton da ke ajiye a can. Idan BVN ka shigar, wajen NIBSS tambayar take zuwa, kamfanin da ke riƙe da bayanan masu asusun banki tun da Babban Banki ya ƙaddamar da BVN a 2014. Kowace daga cikin lambobin biyu alƙaluma 11 ce. Daga nan sai shafin ya gwada abin da ya karɓo da abin da makarantarka ko JAMB ta ajiye a kanka. In sun yi daidai ka wuce. In harafi ɗaya ya saɓa, sau da yawa sai jan rubutu ya fito, ba tare da an gaya maka ainihin inda kuskuren yake ba.

Matsalar suna

A nan ne ɗan Arewa ya fi shan wahala, domin fom ɗin yana neman sunan dangi tsayayye, mu kuwa da sunan uba muke amfani, wani lokaci da na kaka, wani lokaci da na gari. Ɗauki misalin yaro mai suna Aminu, mahaifinsa Sani, kakansa Garba. A firamare hedimasta ya rubuta Aminu Sani. A sakandare aka tarar da Aminu Sani uku a aji ɗaya, sai aka liƙa masa sunan garinsu don a bambanta. Ranar yin NIN mai na'ura ya tambayi sunan ƙarshe, ya ce Garba. A banki aka juya, Sani ya dawo gaba. Takardu huɗu, kuma a wurin na'ura mutane huɗu ne daban.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ido ba ya kamawa. Alamar da ke tsakiyar Sa'adatu, Isma'il, Mu'azu da Rabi'u, wani shafin yana karɓarta, wani yana ƙi, sai mai shigarwa ya cire ta ko ya bar fili a wurin. Abdullahi ya koma Abdulahi. Abdul Aziz a nan kalma biyu, a can ɗaya. Mace ta yi aure ta je ta sauya NIN zuwa sunan mijinta, alhali takardar sakandarenta na ɗauke da na mahaifinta. Ranar da ta tashi komawa karatu sai abin ya tsaya mata. Ga kuma ranar haihuwa: waɗanda ba a yi musu takardar haihuwa ba akan rubuta musu 1 ga Janairu, kuma shekarar na iya bambanta daga wannan takarda zuwa waccan. Shekara ɗaya tak tana yanke hukunci, tunda N-Power, shirin gwamnati na ɗaukar matasa aiki, 'yan shekara 18 zuwa 35 kawai ya ɗauka, wanda ya haura 30 lokacin kammala jami'a kuma takardar yafewa hukumar NYSC ke ba shi maimakon bautar ƙasa.

Gyaran yana da tsari. A fara da takardar da ta fi wuyar sauyawa, wato sakamakon WAEC ko NECO, a ɗauke ta a matsayin ma'auni. A daidaita NIN da ita, sannan a je banki a daidaita BVN da NIN. Gyaran ranar haihuwa a NIMC yana buƙatar takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, yana da kuɗi, kuma ko an gama yakan ɗauki lokaci kafin sauran shafuka su ga sabon bayanin. Wanda ya bari sai an buɗe rajistar JAMB sannan ya fara wannan zirga-zirga, da wuya ya cim ma wa'adi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya dace iyaye su zauna su jera takardun yaro a tabarma su karanta sunan harafi bayan harafi shi ne yana aji biyu na babbar sakandare, kafin a yi masa rajistar jarrabawar fita.

Layin waya da imel

Tun 2021 JAMB ta wajabta NIN. Matakin farko shi ne ɗalibi ya rubuta kalmar NIN a saƙon tes, ya bar fili ɗaya, ya rubuta alƙalumansa 11, ya aika zuwa 55019 ko 66019. Za a cire masa kuɗin saƙon daga katin waya, a turo masa lambar furofayil mai alƙaluma 10. Da ita zai sayi lambar biyan kuɗi, ya tafi cibiyar CBT, wato ta jarrabawa da kwamfuta, da JAMB ta amince da ita a ɗauki hoton yatsunsa goma. Idan amsa ta ƙi zuwa, dalilan sanannu ne: babu isasshen kati na ainihi sai bonas, an saka fili fiye da ɗaya ko wata alama a saƙon, ko kuma wani ya taɓa yin rajista da wannan layin.

Abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne, layin da aka tura saƙon da shi ya ɗauru da sunansu ke nan. Ta kansa ake duba sakamako, ta kansa sanarwa ke zuwa. Yaro ya ari wayar yayansa ya tura, bayan wata uku yayan ya tafi ci-rani Legas da layin. Ko a sayi sabon layi don rajista kawai a jefa a aljihun tebur. Kamfanonin waya kuwa sukan karɓe layin da ya daɗe ba a mora ba su sayar wa wani. Shekara huɗu ko biyar bayan haka, lokacin bautar ƙasa ko neman gyara, sai a nemi lambar tabbatarwa a layin da yanzu yake hannun baƙo.

Shiga shagon kafe a makon ƙarshe na kowace rajista ka ga yadda abin ke faruwa. Janareto na ruri a waje, mutum goma sha biyar a benci, mai shago ɗaya a gaban kwamfuta, takardu jibge kusa da firinta. Ya tambayi yarinyar da ke gabansa, “Kina da imel?” Ta ce a'a. Buɗe mata sabo zai ci minti goma, ga layi, sai ya zuba nasa, ko ya ƙirƙiri wani nan take da lambar sirrin da shi kaɗai ya sani, ya buga silif ya miƙa mata, ya ce na gaba ya matso. Ba lallai mugunta ta sa shi ba, sauri ne. Amma daga ranar duk saƙon gayyatar jarrabawa ko tantancewa akwatinsa zai faɗa, cikin ɗaruruwan irinsa, kuma idan ya rufe shago ya koma wani gari, mabuɗin ya tafi da shi.

Maganin wannan ba ya cin ko sisi. Kafin a je kafe, matashi ya buɗe imel nasa da sunansa na gaskiya, ya ɗaura shi a layinsa, ya rubuta adireshin da lambar sirrin a littafi a gida. Ya tsaya a bayan mai shago ya karanta allon da kansa kafin a danna turawa. In an gama, ya sa a fita daga asusun a gabansa, a goge kwafin takardunsa daga kwamfutar. Layin kuma a riƙa sa masa kati ko na naira ɗari ne lokaci zuwa lokaci, a yi kira da shi.

Ga 'yan mata akwai ƙarin abu guda: lalle. JAMB ta sha gargaɗi a kai, domin yana iya dusashe zanen yatsa, na'urar ta kasa karantawa ranar rajista ko, mafi muni, ranar jarrabawa a bakin ƙofa. A bar kan yatsu fari tun makonni kafin ranar, ko da akwai biki.

Hoto ma yakan tsayar da mutum. Hoton da wayar zamani ta ɗauka yakan kai megabait biyu zuwa huɗu, shafuka da yawa kuwa kilobait kaɗan suke karɓa, sai a rage girmansa tukuna. Wajen biya ta Remita, shafin biyan kuɗin hukumomi, idan banki ya cire kuɗi shafin bai nuna ba, kada a ciro sabuwar lambar biya ta RRR a sake biya. A riƙe ta farkon da rasit ɗinta, a sake neman shafin ya tabbatar da ita. Sau da yawa saƙon ne ya makara tsakanin banki da shafin.

Samun gurbi ma sai an danna

A 2017, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, JAMB ta kawo tsarin CAPS na ba da gurbin karatu ta intanet. Makaranta ce ke zaɓen ɗalibi, JAMB ta amince, sannan ɗalibin ya shiga shafinsa ya danna karɓa ko ƙi. Abubuwa biyu ke kayar da mutane a nan. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon sakandare, dole ya koma cibiyar CBT a ɗora sakamakon idan ya fito. In bai yi ba, makaranta ba za ta iya gabatar da sunansa ba ko da makinsa ya kai. Na biyu, wanda ya karɓi gurbi ta bayan gida ba ta CAPS ba, zai iya yin karatunsa har ya gama, amma sunansa ba ya cikin jerin ɗaliban da JAMB ta sani, kuma da wannan jerin ake tantance masu zuwa bautar ƙasa.

Bashin NELFUND a kan wannan harsashin yake zaune. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokarsa a Afrilun 2024, aka buɗe shafin a ranar 24 ga Mayu na shekarar. Ba shi da ruwa, abin da ya sauƙaƙa wa iyalai da yawa a Arewa karɓarsa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibi kuma ya samu naira 20,000 a wata na ɗawainiya, biya ya fara shekara biyu bayan bautar ƙasa. Shafin yana neman lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibi ta makaranta, kuma ba zai gane ka ba sai makarantarku ta riga ta ɗora bayananka a wurinsu. Idan ya ce bai same ka ba, sake gwadawa a kafe sau goma ɓata kuɗi ne. Ofishin kwamfuta ko na harkokin ɗalibai na makarantar za a je, da takardar shaidar gurbi a hannu.

Ba kullum laifin ke wuyan ɗalibi ba. A jarrabawar 2025, JAMB da bakinta ta amsa cewa matsalar na'ura ta lalata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, shugabanta ya nemi afuwa a bainar jama'a, aka sake musu jarrabawa. Kuskuren gyaran manhaja ne da bai isa wasu na'urorin ba. Idan komai ya rataya a tsari ɗaya, kuskure ɗaya dubban ɗaruruwa yake shafa a wuni guda, shi ya sa ajiye silif, rasit da hoton allo na kowane mataki ya zama dole. Su ne hujjarka ranar da na'ura ta musanta ka.

Ƙofa ta faɗaɗa, ɗakin fa?

N-Power ya nuna wa ƙasar abin da rajistar intanet za ta iya da abin da ba za ta iya ba. An fara shi a 2016, rukunin farko mutum 200,000, na biyu 300,000, ana tura su koyarwa, asibitoci da aikin gona a kan alawus na naira 30,000 a wata. Matasa da yawa sun shiga ba tare da sanin kowa ba, wannan gaskiya ne kuma ya cancanci yabo. Da aka buɗe rukuni na uku a Yunin 2020, fiye da mutum miliyan 5 suka nema. Shafi yana iya karɓar miliyan biyar cikin makonni, amma ba ya ƙirƙirar gurbi ko ɗaya. Kuma da wa'adin rukunan farko ya ƙare, tambayar ina aka dosa ta dawo sabuwa. A Oktoban 2023 gwamnati ta dakatar da shirin domin bincike.

Shirin 3MTT, wanda ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani da hukumar NITDA suka fara a ƙarshen 2023, horo yake bayarwa maimakon alawus na aiki: rubuta manhaja, nazarin bayanai, tsaron intanet, zanen fuskar manhaja da makamantansu. Rukunin farko 30,000 ne, na biyu 270,000, darasi ta intanet haɗe da haɗuwa a cibiyoyi. Abin da ke karya ɗalibi a irin wannan karatu lissafi ne mai sauƙi. Bidiyon awa ɗaya a ƙaramin inganci yana cin kusan megabait 300, a babban inganci ya kai gigabait ɗaya ko ya wuce. Ninka wannan da awa biyu ko uku a rana na tsawon wata uku, ka tuna kuma a farkon 2025 hukumar kula da kamfanonin sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Sannan waya ta isa kallon darasi, amma ba ta isa aikin gwaji na rubuta manhaja ko nazarin bayanai yadda ya kamata ba, sai da kwamfuta da wutar da za a caja ta. Mai shirin shiga ya tanadi waɗannan tun kafin ya cike fom: inda zai riƙa samun kwamfuta ko ta aro ce, rage ingancin bidiyo, sauke darussa da datar dare mai rahusa, da haɗa kai da mutum biyu ko uku a unguwa su raba kuɗin. Takardar shaida kaɗai ba ta cika samar da aiki a wannan fanni ba. Mai ɗaukar aiki abin da ka gina da hannunka yake son gani.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanya da ta dace masu gina irin waɗannan shafuka a nan su duba. Ƙungiyar Harambee, da aka kafa a 2011, ita ke gudanar da shafin SA Youth tare da gwamnatin ƙasar. An shirya da kamfanonin waya cewa shiga shafin ba ya cin data, an kuma haɗa shi da lambar kira kyauta inda mutum ne ke ɗauka ya taimaka. Wajen haɗa matashi da aiki suna duba nisan gidansa da wurin aikin, domin sun gano kuɗin mota na cinye albashin farko har mutum ya ajiye aikin. Duk waɗannan za su yiwu a Najeriya. A ƙara da shafi marar nauyi da zai buɗe a ƙaramar waya inda sabis ke da rauni, mai ajiye abin da aka cike idan sabis ya yanke, mai bayani da Hausa, wanda kuma zai faɗi ƙarara cewa ranar haihuwar NIN ce ta saɓa da ta BVN maimakon ya ce an samu matsala kawai. Rashin wannan bayanin ne ke mayar da mutane hannun masu cewa a kawo kuɗi su gyara.

Ta wannan tsagar ne kuma 'yan damfara ke shigowa. Duk lokacin da aka sanar da sabon shiri, kafin kwana biyu saƙonni sun cika WhatsApp da Facebook ɗauke da tambarin gwamnati da hoton minista. A dubi adireshin da kyau. Na hukumomin gwamnati yakan ƙare da .gov.ng, na manyan makarantu da .edu.ng, wasu rundunonin soja da .mil.ng, kuma ƙarshen sunan kafin layin karkace (/) na farko da ya biyo bayansa shi ne abin dubawa, domin ɗan damfara na iya saka kalmar gov a farko ko a tsakiya. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi tana nufin an rufe hanyar saƙo ne kawai, shafin bogi ma yana iya samunta. Shafin da ya ce sai ka tura wa rukuni biyar kafin ka ci gaba na bogi ne, haka wanda ya nemi lambar bayan katin ATM, ko lambar sirrinsa, ko lambar tabbatarwa da banki ya turo maka. Neman shiga 3MTT da NELFUND kyauta ne, kamar yadda na N-Power ya kasance, kuma ba a biyan kuɗin hukuma a asusun wani mutum. Wanda ya riga ya miƙa bayanan katinsa ya kira bankinsa nan take a rufe katin, ya sauya lambar sirrin imel ɗinsa daga wata wayar, sannan ya je reshe da katin shaidarsa a duba asusun.